Kukis ɗin gyaɗa da cakulan ba fulawa: ta kwalba, ta inji ko tunkuza?

Ɗiyar yayata ce ta jefa ni cikin wannan harka. Tun da likita ya ce ta rabu da alkama da duk abin da aka yi da ita, Sallah ta koma mata ranar kallo. Ga cincin, ga dubulan, ga alkaki, ga kek an jera a faranti, ita kuwa sai nakiya kaɗai, don ita ce ta shinkafa. Ciwon nata shi likitoci ke kira siliyak. Akwai wani sinadari mai danƙo, gulutin, a cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai mai suna rai, wanda idan mai ciwon ya ci sai jikinsa ya juya ya riƙa ɓata bangon ƙaramin hanjinsa. Ba shi da wani magani sai ƙauracewa. To da na tashi neman abin da zan gasa mata wanda sauran yara ma za su yi rububinsa, sai na faɗa kan kukis ɗin gyaɗa mai ɓarɓashin cakulan, wanda ko cokali ɗaya na fulawa ba ya shiga cikinsa.

Haɗin bai da wani tsawo. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa giram 250, wato kofi ɗaya, ko kusan gwangwanin madara ɗaya da rabi ga mai awo da gwangwani. Sukari giram 150. Ƙwai ɗaya. Bekin soda rabin ƙaramin cokali, ɗan gishiri, sai cakulan giram 80 zuwa 100. A juya, a mulmula, a danna, a gasa minti 10 zuwa 12 a zafi digiri 175 zuwa 180. Yakan ba da guda 16 zuwa 18. Kuma tun da wuri bari in kawar da wani ruɗani: wasu kan rubuta "man gyaɗa" a irin wannan haɗi, alhali ba man suya ake nufi ba, gyaɗar ce kanta da aka soya aka markaɗa ta yi laushi, irin wadda ake kunun gyaɗa ko miyar taushe da ita. Wadda ta zuba man suya kofi guda a kan sukari da ƙwai, sai dai ta yi haƙuri.

Tunda haɗin gajere ne, kowane abu a cikinsa yana ɗauke da kaya mai nauyi, kuma mafi nauyin yana kan gyaɗar. A kukis na fulawa, fulawar ce ginshiƙi, bota kuma shi ne maiƙo. A nan gyaɗa ce ginshiƙin, ita ce kuma maiƙon. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma furotin, shi ne yake haɗuwa da ƙwai ya riƙe kukis ɗin kada ya wargaje. Saboda haka irin gyaɗar da kika ɗauko ita ke yanke hukunci tun kafin ki kunna wuta. Uku ne a gabanmu: ta kwalba da ake sayarwa a manyan kantuna, wadda muka soya muka markaɗa da kanmu, sai tunkuza ta masu ƙuli-ƙuli.

Ta kwalba ita ce wadda Amurkawa suka gina wannan haɗin a kanta. Irin su Skippy da Jif ba gyaɗa zalla ba ce. Ana ƙara mata sukari da gishiri da ɗan daskararren mai, wanda aikinsa shi ne ya hana man gyaɗar tasowa sama. Dokar Amurka ta ce sai gyaɗa ta kai kashi 90 cikin 100 kafin a sayar da abin da sunan markaɗaɗɗiyar gyaɗa, wato "peanut butter" a Turance, sauran kashi 10 ɗin nan ne waɗancan ƙare-ƙaren suke shiga. Wannan ɗan daskararren man shi ne sirrinta a gashi. Ƙullin yakan haɗe nan take, ba ya maƙale wa hannu, ba ya zubar da mai a tire, kuma na yau da na gobe duk kamanninsu ɗaya. Wadda ba ta taɓa yi ba, ko mai yi don sayarwa da ke son kowane guda ya fito daidai da ɗan'uwansa, ta kwalba ba za ta kunyata ta ba. Ga mai siliyak ma tana da wata fa'ida babba: akwai takarda a jikinta da za a karanta. Ƙa'idar da Amurka da Tarayyar Turai suke bi ita ce, ba a rubuta wa abinci cewa babu gulutin sai idan abin da ke ciki bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba.

Aibinta biyu ne. Na farko kuɗi. Kwalba guda ba ta wuce gashi ɗaya ko biyu, kuma da kuɗinta za ki auno ɗanyar gyaɗar da za ta yi miki gashi da yawa. Ni dai abin yakan ɗan sosa mini rai, a ce garin da aka san shi da dalar gyaɗa, mu ne muke sayen markaɗaɗɗiyar gyaɗar da ta ƙetaro teku. Na biyu ɗanɗano. Ƙamshinta a kwance yake, zaƙinta kuma ya riga ya yi gaba, don haka in da ita za ki yi, ki rage sukarin zuwa giram 120 ko 130, gishirin ma ki bar shi. Sannan ki duba kwalbar da kyau: idan kika ga mai ya taru a sama, to wannan irin wadda ba a sa mata daskararren mai ba ce, halinta ɗaya da ta gida, kin dai biya kuɗin kwalba ne kawai.

Ta gida kuwa, a nan daɗin yake, a nan kuma wahalar take. Gyaɗar da kika tsince da hannunki, kika soya da yashi har ta yi ja-ja, kika murje ɓawon kika fece, ƙamshinta daban ne. Kukis ɗinta in yana oben har maƙwabta sai sun san ana wani abu. Ke ce kuma mai iko da suyar: wadda ta soyu sosai ta fi ƙamshi, amma ki tuna za ta sake shiga wuta minti goma, don haka ki sauke ta kafin ta kai yadda ake so ta ci. Wadda ta yi duhu tun a kasko, ɗaci za ta yi a oben.

Gashina na farko da ta gida abin dariya ne yanzu, amma a ranar ban yi dariya ba. Na zuba komai a kwano na kama juyawa da muciya da ƙarfina, wai don ya haɗu sosai. Ina cikin juyi sai na ga ƙullin ya dunƙule ya yi tauri, mai yana tsattsafowa ta gefe yana taruwa a gindin kwano. Na dai daure na mulmula na gasa. Da na buɗe oben, guda goma sha biyun nan sun haɗe sun zama faifai ɗaya, yana iyo cikin mai. Sai da na ba wata dattijuwa mai ƙuli-ƙuli a unguwarmu labari, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ai 'yar nan, mai kika matsa. Mu ma haka muke yi, mu zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan mu yi ta juyawa har ya fito." Nan na gane. Ƙwai kusan kashi uku cikin huɗunsa ruwa ne. Ruwa in ya taɓa markaɗaɗɗiyar gyaɗa aka ci gaba da tuƙawa, ƙwayoyin gyaɗar sai su kama juna su saki man da ke tsakaninsu. Ni da na zo yin kukis, ashe tunkuza nake yi.

Maganin abin ba wuya. Ki fara kaɗa ƙwai da sukari da soda da gishiri su kaɗai har su haɗu, sannan ki zuba gyaɗar ki juya a hankali, da zarar kin daina ganin zanen ƙwai ki tsaya. Ki zuba cakulan, juyi biyu ko uku, shi ke nan. Ki sa ƙullin a firji rabin awa kafin ki mulmula. In babu wuta, ki rufe kwanon ki ɗora shi cikin wata roba mai ruwan randa, ki kuma yi aikin da sassafe kafin gari ya ɗau zafi. Idan markaɗen ya kwana biyu har mai ya taso, ki tsiyaye cokali ɗaya ko biyu ki ajiye don miya, sauran ki juya shi har ƙasa kafin ki auna. Kada ki ɗebi na sama kawai, zai malale. Na ƙasa kawai kuma zai bushe ya farfashe.

Sai maganar inda za a markaɗa, kuma ga wanda ake yi wa don lalura wannan ta fi komai. Injin unguwa ya fi blenda laushi nesa ba kusa ba, amma ba ki san abin da ya shiga cikinsa kafin naki ba. Mai attaruhu ta wuce, mai wake ta wuce, wata kuma alkamar alkaki ko ta kunu ta kawo. Ɗanɗanon yaji a kukis abin a yi tsaki ne a wuce, amma ragowar alkama a haƙoran inji ga mai siliyak ciwo ne na gaske, kuma ido ba ya ganinta. Ɗauraye inji da kofin ruwa ba ya fitar da ita, ruwan ma in ya saura a ciki shi zai fara tsinka miki gyaɗar. Idan don marmari kike yi, ki kai inji, ki dai roƙi mai injin kada ya sa ruwa ko ɗigo. Idan don mai siliyak ne, ki markaɗa a gida, a ƙaramin kofin blenda na busassun kaya wanda ba a niƙa alkama a ciki. Ki zuba gyaɗar da ɗuminta, kaɗan-kaɗan, kina tsayawa kina kankare gefe don kada injin ya ƙone. Da farko za ta zama gari, sannan ta dunƙule, sannan ta saki jiki ta yi santsi. Turmi ma yana yi, sai dai ba zai yi laushi sosai ba, kuma ni ina son ɗan ɓarzan da yake bari. Haka muciya da rariya da tire: waɗanda suka saba da fulawa a wanke su tas, a shimfiɗa takardar gashi sabuwa.

Tsintar gyaɗar kuma ba don tsakuwa kaɗai ba ce. Duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta canza launi, ko take warin ruma, a zubar. Gyaɗar da aka adana da danshi takan kama wata funfuna mai fitar da guba da ake kira afulatoksin, mai lahani ga hanta, kuma suya da gashi ba sa kawar da ita gaba ɗaya. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi yarda da wadda na tsince da idona a kan markaɗaɗɗiyar da ake ƙullawa a leda a kasuwa.

Tunkuza ita ce ta uku, kuma na gwada ta ne don na ga kamar ta warware matsalar mai tun daga tushe, tunda an riga an matse shi. Ita kaɗai ba ta yi. Abin da ya fito ƙuli-ƙuli ne mai sukari, ya bushe, ya yi tauri, ko alamar faɗaɗa bai yi ba. Amma a matsayin 'yar rakiya tana da amfani ƙwarai. Idan markaɗenki ya cika ruwa-ruwa, ki cire kashi ɗaya cikin huɗu ki maye shi da tunkuza sabuwa, sai ƙullin ya tsaya da ƙafarsa kamar na kwalba, ƙamshin kuma na gida. Sharaɗin shi ne ta ranar ce, don akwai ruwa a jikinta, ba ta jure ajiya, kuma wadda ba a sa mata yaji ko gishiri mai yawa ba. Ga mai siliyak kuwa tambayar inji tana nan, don masu ƙuli ma inji suke kaiwa. Ita ɗiyar yayata ban taɓa sa mata tunkuzar waje ba.

Sukari a wannan kukis ba zaƙi kaɗai yake bayarwa ba, yana cikin abin da ke riƙe jikin. Asalin haɗin Amurkawa kofi guda ne cur, giram 200, wanda a bakina ya yi yawa. Na sauko zuwa 150 ban ga wata illa ba. Ƙasa da 100 kuwa sai ya riƙa marmashewa a hannu. Farin sukari yana ba da mai ƙaras-ƙaras. Jan sukari yana ba da mai taushi da ɗan danƙo a tsakiya, kuma ɗan tsamin da ke cikinsa ne yake tayar da bekin soda. Jan sukarin kanti yana da tsada, amma muna da mazarƙwaila, wadda ruwan rake ce zalla da aka dafe. Ki goge ta a magogi ta yi laushi, ki yi rabi ita rabi farin sukari. Wannan shi ne haɗin da na tsaya a kai, don mazarƙwaila da soyayyar gyaɗa kamar don juna aka yi su. Ki dai duba ta da kyau saboda yashi, kuma kada ki bar gudaji, don narkewa suke yi su ƙone a tire. Zuma ban ba da shawara ba: ruwa ce, za ta tsinka gyaɗar, ga saurin ƙonewa. In babu soda, baƙar hoda ƙaramin cokali ɗaya za ta yi, sai dai a karanta gwangwanin, don akwai sitaci a cikinta, yawanci na masara amma wani lokaci na alkama.

Cakulan kuma iri uku za ki tarar. Akwai 'yan ƙwayoyin da aka yi musamman don gashi, masu riƙe siffarsu a wuta saboda man koko da ke cikinsu bai kai na sanda yawa ba. Akwai na sanda da za ki daddatsa da wuƙa, wanda shi ne ma asali: Ruth Wakefield, matar da ta fito da kukis mai cakulan a masaukinta na Toll House a jihar Masacusets cikin shekarun 1930, sandar cakulan ta daddatsa, ƙwayoyin daga baya aka fara yin su. Na sanda ya fi daɗi, yakan narke ya yi 'yan tafkuna a jikin kukis, amma man koko yana narkewa tun a wajen digiri 34, zafin Kano a watan Afrilu kuwa yakan haura 40. Ki gasa da shi a bazara ki zuba a leda, kafin a kai gidan suna ya zama dama-dama. Na ukun shi ne wanda masu kek ke saya da kilo, da aka yi da man ƙwarar manja maimakon man koko. Ya fi araha, ya fi jure zafi, sai dai yakan bar wani maiƙo-maiƙo a dasashi. Don ci a gida lokacin hunturu, na sanda mai duhu, ɗacinsa yana taka wa zaƙin burki. Don sayarwa ko aikawa nesa, ƙwayoyi ko na masu kek. Ko wanne ne a karanta takardarsa: duk mai wefa ko biskit a ciki alkama ce, wasu kuma ana sa musu tsiron sha'ir. Don haka ne ma ba a barbaɗa Milo a madadin cakulan idan mai siliyak zai ci, da sha'ir ake yin sa.

Wuta ba ta kai gyaɗa rikici ba, amma kukis marar fulawa yana da saurin ƙonewa ta ƙasa saboda mai da sukari. Oben na gas ko na lantarki shi ya fi sauƙi: a kunna shi minti goma kafin a sa, tire a tsakiya. Yawancin ƙananan oben ɗinmu wutarsu daga ƙasa take, don haka ki riɓa tire biyu, ɗaya cikin ɗaya. Na'urar suya da iska mai zafi, wato "air fryer", tana yi a digiri 160 cikin minti 7 ko 8, amma guda huɗu ko biyar take ɗauka, ga iskar tana ɗaga takarda. Wadda ba ta da ko ɗaya, babbar tukunya da yashi ko tsakuwa a ƙasa ta wadatar. A rufe ta ta yi zafi minti goma sha biyar, a ɗora faranti a kan wani murfi ko gwangwanaye don kada ya taɓa yashin, wuta can ƙasa. In a kan gawayi ne, a ɗebi 'yan garwashi a zuba a kan murfin tukunyar don sama ma ta samu. Yakan ɗauki minti 15 zuwa 20, kuma gara ki fara da guda biyu ki ga halin wutarki kafin ki zuba duka.

Ko da me kika gasa, abu biyu ba sa canzawa. Ƙullin ba ya bajewa da kansa sosai, sai kin danna shi da cokali mai yatsu, a tsaye da a kwance, shi ne zanen da aka san kukis ɗin gyaɗa da shi. Sannan lokacin da ya gasu ba ya kama da gasasshe. Gefe zai ɗan yi ja, sama ta tsattsage, tsakiya kuwa lugub kamar ɗanye. Sauke shi a haka. Kada ki taɓa shi sai ya yi minti goma a kan tiren, a nan yake ƙanƙamewa. Wanda aka ɗaga da zafi a hannu yake rugujewa, wanda aka bari a wuta har ya yi tauri kuma in ya huce sai an jiƙa shi a shayi.

Kada kuma rashin fulawa ya sa a ɗauka abincin rage ƙiba ne ko na masu ciwon sukari. In aka raba wancan haɗin gida 18, kowane guda yana kusan kalori 150. Akwai kuma mutanen da gyaɗar ce kanta jikinsu ba ya ɗauka, har ta kai ga kumburi da toshewar numfashi, don haka in za ki miƙa wa baƙo ko ɗan wani, ki faɗa masa abin da ke ciki.

In kika tambaye ni wacce za ki ɗauka, sai in tambaye ki wa za ki yi wa. Gwajin farko, ko odar da ba kya son ta ba ki kunya, ɗauki ta kwalba ki rage sukari. Na gida da yara da baƙin Sallah, soya taki ki kai inji, ki gyara ta da 'yar tunkuza in ta cika mai, ki sa mazarƙwaila. Na mai siliyak, ko dai kwalbar da aka rubuta babu gulutin a jikinta, ko taki da kika markaɗa a blendarki, babu ta uku. Na ɗiyar yayata a blenda nake yi, in gasa shi tun kafin a buɗe buhun fulawar cincin, in zuba a robarsa daban mai murfi in rubuta sunanta a kai. Yakan yi kwana biyar lafiya lau, da damina kuwa kwana uku ya fara sanyi, sai a mayar da shi oben minti uku ya dawo. Bara sai da na ɓoye robar a ɗakin yayata, don ƙannenta sun bar cincin ɗinsu sun dawo kan nata.